Kukan da Ya Ɗauko daga Abijan

Tun daga Abijan motar ke kuka, Shafi'u kuma ya ƙi a taɓa ta. A Yamai wani makanike ya ce kwamfireson kilim ne, injin nan da ke tura sanyi cikin mota, a cire shi ɗungurungum a sa sabo. A Ƙonni ma haka aka ce. Shafi'u ya yi godiya ya wuce. Ya san ciwon motarsa sarai, ai a ƙarƙashin mota ya girma. Amma kukan nan shi ne kaɗai hujjarsa ta tsayawa ƙofar garejin ubansa a Madawa.

Shekara huɗu ke nan uban nasa, Malam Ayuba, bai ɗauki wayarsa ba. Sanƙarau ne ya kwantar da tsofaffin biyu a bazara guda, ya ɗauki Inna Hindatu ya bar mijin. Shafi'u bai zo gaisuwa ba, bai zo sadakar arba'in ba. Yau ne gobe ne, har kunya ta riƙe masa ƙafa. Ya kira ya fi sau ɗari, wayar ta yi ta shiga har ta katse. Abin da yake nema yanzu bai wuce kalma ɗaya ba: na yafe.

Garejin na nan bakin hanyar Buza, rumfar kwano guda. Da can wurin cike yake da direbobi da shayi da gardama, don duk Adar an san kunnen Malam Ayuba, mota ta yi tari sau ɗaya ya faɗi ciwonta. Yanzu tsoho ne shi kaɗai a kan benci, ya juya wa titi baya yana wanke notuna. Rediyonsa na rataye a ƙusa, zanzaro ya yi gini a jikinta.

Shafi'u ya yi sallama sau uku. Sai da inuwarsa ta faɗa kan kwanon notunan tsohon ya ɗago. Kallo ɗaya ya yi masa ya kawar da kai. Wannan ba sabon abu ba ne. Shafi'u ɗan fari ne, uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa tsura masa ido ba.

"Kai ne? Kun zo lahiya?" in ji tsohon da ƙarfi, kamar mai faɗa. Bai jira amsa ba, ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, inji na ci. "Buɗe ta."

Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a jikin kwamfireso, ya ciji ƙotar da haƙoransa ya rufe ido. Shafi'u ya ga haka, amma hankalinsa ba a nan yake ba.

"Kunna kilim. Kashe. Sake kunnawa. To, kashe injin."

Ya zare igiyar robar da ke juya kwamfireson, ya murza fuli da hannu, ɗan zoben ƙarfen da igiyar ke hawa. Yana juyawa yana cijewa kamar an zuba masa yashi.

"Kwamfireso lahiya lau yake. Rulmar cikin fulin ce ta cinye, 'yan ƙwallayen ƙarhen da yake birgima a kansu. Wanda ya ce a canza duka, bai san aiki ba."

Nan Shafi'u ya durƙusa a bayansa, ya sunkuyar da kai yadda ɗa ke yi in zai yi wa uba magana mai nauyi. Ya ce ya yi laifi. Ya ce tsoron ganin ɗakin Inna ba ita a ciki ne ya hana shi zuwa. Ya ce shi ma can ba shi da kowa, ɗaki ɗaya ne da tabarma, ranar Salla shi kaɗai yake cin abinci.

"Baba, ka yahe mini. Ko zagina ne ka yi, in dai ji ka ce wani abu."

Tsohon ya miƙo hannu baya, ko waiwaye babu. "Ba ni kile, lamba sha ukku."

Shafi'u ya miƙa masa ƙarfen kwance notin. Aka kira la'asar a masallacin gefe, tsohon bai motsa ba, sai da ya dubi inuwar rumfa ya ajiye aiki ya ɗauki buta. Bayan salla Shafi'u ya sake roƙo, ya ƙara, kansa na ƙasa. Malam Ayuba ya buge tsohuwar rulma ta fita, ya dasa sabuwa, ya mayar da igiya ya ɗaure.

Aka tayar da mota. Shiru, sai sanyi ke fitowa. Kukan da ya rako shi kwana uku ya tafi, hujjarsa ta tafi tare da shi. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan shirun ba.

Ya zauna bayan sitiyari ya ce, kansa a sunkuye, "Na tahi, Baba. Ba ni ƙara damunka."

Ya jawo ƙofa, ta ƙi rufuwa. Tsohon ne ya riƙe ta. Ya dubi titi dama da hagu, ba kowa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ranar suna: ya sa hannu mai baƙin mai ya ɗago haɓar ɗansa, ya zuba wa bakinsa ido.

"Shafi'u, hwaɗa mini a hankali, kukan ya daina? In kuma da wata magana da ka zo da ita, ka yi ta nan gabana in gani. Kada dai direbobi su sani. Ni tun ciwon da ya ɗauki uwarka, kunnuwan nan ba su ƙara jin komi ba."