Wayar Sjoerd Ta Ƙi Yin Shiru

Sjoerd bai gama ɗaure kekensa ba wayarsa ta sake ƙara. Wani ne daga Rotterdam, wai manhajar kamfanin Sjoerd ta ƙi hawa kwamfutarsa. Kafin ya kai saman bene wata ta kira, ita kuma ta rasa inda ake danna mene ne.

Ya faɗa ofis yana huci. Shi da kamfaninsa, wa ya mayar da shi mai amsa waya?

Marloes ya tarar tana cin burodi da cuku. Ita ke rubuta bayanan yadda ake amfani da manhajar, kuma ranar Juma'a za ta tattara ta bar aikin. Shi ya sallame ta, wai ba mai karanta wannan shirgin.

"Marloes, wani ɗan iska ya baza lambata a duniya!"

"Ayya, sannu. Af, na gama aikin da ka sa ni jiya. 'Yar manhaja na rubuta, ta bi fayilolin bayanan nan kaf ta cire sunana daga sashen neman taimako."

"Shi ne damuwata yanzu?"

"Na dai tambaye ka me zan sa a gurbin, ka ce duk abin da na ga dama."

Wayar ta sake ɗaukar ƙara. Sjoerd ya dubi wayar, ya dubi Marloes.

"Lambata kika sa?"

Ta kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga cinyarta.

"Haba, kwantar da hankalinka. Ai ba mai karantawa."