Fakarar Malam Khalilu

Kwana goma sha uku ke nan Malam Khalilu yana tashi kafin kiran sallar Asuba, mutumin da matarsa Asiya ta shekara ashirin tana tashinsa, yana juya mata baya. Fakara ce ta tashe shi.

Tun da gidaje suka cinye gonakin Ungogo, an shekara bakwai ba a ji kukanta a unguwar ba. Yanzu kuwa kullum sai ta yi, sau uku cif, daga wajen surin da ke bayan katangarsa. Shi ko a zamaninsa ba maharbin da ya kai shi sanin tsuntsuwar nan: ruwan ƙasa ce mai zane-zane, da farin layi a saman ido, ba ta son tashi sama, sai gudu cikin ciyawa.

Da ya faɗa a majalisa, Alhaji Uwais mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Fakara a nan, Malam? Ko dai a cikin barcin nan naka?"

"In Juma'a biyu ta wuce ban kawo ta ba, ku daina kira na maharbi."

Ya ɗana tarko a gindin surin, ya watsa gero. Tarkon ya kama kazar maƙwabta sau biyu. Ya duba ƙasa: ba sawu, ba gashi, ba ramin da take birgima. Ya ce lallai tsohuwa ce mai wayo. Kuma tunda ya riga ya tashi, ga ladan yana kira, sai ya yi alwala ya shiga sahun farko. Har liman ya fara yi masa murmushi.

Kullum a ƙofa yake cin karo da Asiya, ta dawo daga bayan gida tana gyara hijabi. "Allah ya ba da sa'a, Malam."

Juma'ar ƙarshe, kwana biyu ba a kawo wuta ba. Fakara ta yi shiru. Sai da rana ta dake shi ya farka, ya tafi majalisa hannu wofi, aka sa masa suna Maharbin Kaji.

A daidai lokacin Asiya tana shagon mai caji, tana miƙa wayarta.

"Ka cika min ita don Allah. Yau ƙararrawar ba ta buga ba, fakarar Malam ta makara."