Yatsu Uku a Wuyan Baba Ilu

Tun da aka daina yarda da hoton waya, doka ta ce duk wanda ya haura sittin sai ya zauna gaban kyamarar fim duk shekara, a ƙirga goma bai motsa ba. Wanda hotonsa ya fito dishi-dishi, mota ke zuwa ta kai shi gidan hutu. Ba wanda ya taɓa dawowa.

Yau Uwani ta kawo mahaifinta, Baba Ilu, shagona, kansa na rawa.

"Malam, don Allah bari in riƙe shi ta bayan labule."

"Ke, kama ni za a yi!"

"Ƙyale ta, mai hoto," in ji Baba Ilu. "Haka na riƙe ta ranar rigakafi."

Na ɗauki hoton. Da na wanke fim ɗin, fuskarsa ta fito tas, amma ga yatsu uku masu lalle a wuyansa. Fim ɗaya ake ba kowa, kuma jami'in da ke duba hotunan zai zo bayan la'asar.

Na ɗauki allura in kankare su, sai na ga hannuna na rawa. Na jira ya daina, bai daina ba. Nawa hoton watan gobe ne.