Kai a Sunkuye

"Sai ta cika awa ashirin da huɗu da ɓata," in ji kofur, idonsa a kan littafin rahoto. "Ka dawo gobe."

Tsohon ya dafa kantar ofishin 'yan sandan da hannu biyu. "Matata ce. Ciwon mantuwa gare ta, ko sunanta ba ta riƙewa. Tun safe ta fita da takalmi ƙafa ɗaya, ba ta sha maganinta ba."

"Kowa da irin labarinsa, baba. Gobe."

Tsohon ya san kantar nan. Shekara talatin ya yi a bayanta yana saje, har tabon wutar sigarinsa yana nan a gefen katakon. Ya san kofur ɗin ma. Lokacin da aka kawo shi yana sabon kurtu, hawaye ya yi saboda wata mata da aka sace wa keken ɗinki. Tsohon ne ya ja shi bayan ofis ya yi masa faɗa: "Kada ka sake kallon fuskar mai kawo ƙara. Takarda za ka kalla. Fuska ce ke hana mutum barci."

"Ɗana," ya ce, "ɗago ka dube ni sau ɗaya."

Biron bai ko tsaya ba.

"Ba da fuska muke aiki a nan ba. Na gaba!"

Tsohon ya matsa gefe, riƙe da hoton matarsa da ba a karɓa ba. Duk cikin waɗanda ya horar, babu wanda ya riƙe karatu kamar wannan.