Faifan da Ya Ce Lafiya Lau

Kai da kake cewa dogon gwaji ɓata lokaci ne, zauna ka ji wannan.

An yi wata mai gyaran kwamfuta da ke aiki a shagon wani dillali mai sayar da faifan ajiya na gwanjo. Wata rana wani magidanci ya shigo da tsohon faifai a naɗe cikin hankici. A ciki akwai sautin karatun mahaifinsa marigayi na shekara talatin, kuma babu kwafinsa a ko'ina, ga faifan ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Al'adar shagon ita ce musaya: a kwashe maka kayanka zuwa wani faifan, a goge tsohon nan take, ya zama na shago. Dillali ya zaro ɗaya daga kwali, ya yi masa gwajin minti biyu, allo ya nuna kore, alamar lafiya, ya ce ta kwashe ta goge. Ita kuwa ta san gajeren gwaji gaisuwa ce kawai. Tambayar faifai ake yi yaya jiki, shi kuma ya amsa kamar Bahaushe, wanda ko yana kan gargara zai ce da sauƙi. Ta kuma san akwai masu share wa faifai tarihin ciwonsa kafin su sako shi a kwali. Sai ta zura filashinta, ɗan abin ajiyar manhajojinta, a kwamfuta don ta gwada faifan shagon, ta tayar da manhajar da ke bin faifai gurbi-gurbi tana karantawa, aikin da kan ci awa shida. Dillali ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo, magidancin ma ya ɓata rai, wai motar garinsu za ta tashi. Ranta ya sosu, amma ko gezau. Ta ce, "Alhaji, shagon naka ne, hannun nawa ne. Ba zan goge muryar mamaci a kan shaidar minti biyu ba."

Gwaji ya yi ta tafiya, kore bayan kore, dillali yana taɓe baki yana duba agogo. Ana kiran la'asar, aiki ya ɗan wuce rabi, sai ja ya ɓullo, alamar gurbin da ya lalace. Ɗaya, uku, sannan layi guda cur, har manhajar ta tsaya cak. Da an kwashe, duk karatun da ya sauka a wannan yanki da ya tafi ke nan, kuma da tuni an goge na asali. Magidancin ya dubi allo, ya dubi tsohon faifansa da ke kan tebur ba a taɓa shi ba. Kada ka ɗauka dillali ya gode mata. Cewa ya yi ta kunyata shi a gaban baƙo, ta tattara nata ya nata. Ba ta roƙe shi ba, kuma ba ta yi nadama ba. Ta zare filashinta ta fita, magidancin ya naɗe faifansa a hankici ya bi bayanta, yana tambaya ina za a sami mai kyau, kuma ko za ta yarda ta gwada masa shi, ko da zai kwana biyu a garin.

Abin da ya sa Hausawa ke cewa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.