Wa Ya Riƙe Fitilar?

Agogon kicin ya buga minti biyu cif, Mastaru Subbayya, wato Malam Subbayya, ya ɗaga jan bironsa. "Sau huɗu kika kalli ƙasa. Sake."

Harini ta sake. Jikarsa ce, shekararta sha bakwai, kuma ran Juma'a za ta zauna gaban likitoci uku a wata jami'a mai ɗaukar yara daga sakandare ta riƙe su shekara bakwai har su fito likitoci. Mutum dubu uku suka nema, gurbi ashirin ne. Duk gidan Telugawa, 'yan kudancin Indiya, a garin Edison an san tambayar farko: me ya sa kike son likitanci? An kuma san "ina son taimakon mutane" ba amsa ba ce. Labari ake so.

Mastaru ne ya tuna mata nata. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa a garin Tenali na Indiya kafin ɗansa ya kawo shi Amurka, a nan ma ya riƙe ajin Lahadi na haikalin Hindu har gwiwa ta hana shi. Abin alfaharinsa ɗaya ne: jimla mai kyau ba ta taɓa bi ta ƙarƙashin bironsa ta ɓace masa ba.

Ga labarin. Tana shekara shida aka je hutu ƙauye da damina. Kakarta ta zame a bakin rijiya, goshi ya tsage, hadari ya rufe gari, wuta ta ɗauke. Likitan ƙauye ya miƙa wa yarinyar fitila ya ce, "Idan hannunki ya yi rawa, nawa ma zai yi."

"Tatayya, ni fa ban tuna wata fitila ba," Harini ta ce wa kakan nata.

"Me ɗan shekara shida yake tunawa? Ni ina ganin abin kamar yau."

Matarsa Annapurna, kakar da ake magana, da ke yanka albasa, ta shafa goshinta. Babu ko ɗigon tabo a wurin.

Ran Lahadi aka yi gwajin ƙarshe a zauren haikali, iyaye na kallo. Kafin a kira Harini aka kira Kaushik, ɗan wata maƙwabciyarsu Sailaja, wanda shi ma ran Juma'ar zai shiga gaban likitocin nan uku. Yaron ya gyara wuyan riga ya fara. Damina. Rijiya. Goshi. Fitila. Har maganar likitan, ba a sauya ko kalma ɗaya ba.

Wannan sata ce, kuma ba ƙarama ba. Idan likitoci suka ji labari ɗaya daga baki biyu a yini guda, ba za su tsaya bincike ba, duka biyun za su soke. Shekara huɗu na karatu da zirga-zirgar asibiti su tafi a banza.

Mastaru ya koma gida ya fara bin sawu. Katunan amsoshin Harini suna cikin akwatin takalmi, ɗaure da roba. Ya ƙirga, sun cika. To ta ina? Ran Talata Sailaja ce ke ɗauko yaran daga makaranta, kuma Harini kan yi bita a mota. Ya karɓi wayar Harini ya duba. Ya tsare Annapurna, wadda ba ta raba kunne da waya: me take faɗa wa matan haikali? Ta ce, "Kai dai ka bi a hankali." Ya rubuta wannan ma a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi. Mai gaskiya ba ya cewa a bi a hankali.

Washegari ya rubuta wa kwamitin haikali takarda, da buƙatu uku masu lamba: yaron ya janye labarin, ya nemi gafara a gaban waɗanda suka saurare shi, uwar kuma ta faɗi yadda ya zo hannunsu. Bai jira amsa ba. Ran Laraba da rana ya samu Sailaja a ɗakin cin abinci na haikali tana zuba shinkafa mai tsamiya a robobi, mata shida a kewaye da ita. Ya ƙi kujera, ya ƙi kofi, ya karanta takardar a tsaye.

"Mastaru garu, da girmanka?" in ji Sailaja, har da "garu" na girmamawa. "Mu ne ɓarayin? Surukata, kakar Kaushik, tana can Guntur da tabonta, in kira ta ka gani?"

"Tabo ba shaida ba ne, 'yata. Kowace tsohuwa ta taɓa faɗuwa. Ni a rubuce nake aiki. Kawo rubutu, mai kwanan wata."

Sailaja ta goge hannu, ta jawo ƙaton fayil ɗin nan da kowace uwa ke yawo da shi a wannan lokaci na neman jami'a, mai ɗauke da duk takardar yabon da ɗanta ya taɓa samu. Ta wuce ta ninƙaya, ta wuce ta gasar lissafi, ta zaro wata tsohuwa da aka lulluɓe da leda.

Mastaru ya sa tabarau. Rubutun yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya, insha'in ajin Lahadi, da kwanan wata na shekara shida baya. Damina, rijiya, fitila. A ƙasa, da jan biro, cikin rubutun da ya fi sani a duniya, an ba da goma bisa goma, an ƙara da cewa: "Kaushik, ka adana wannan labarin, wata rana zai yi maka amfani. Subbayya."