Man Gashin Inna Salamatu

"Cire ɗankwalin ki nuna mata!" Barira ta daka wa Hidaya, matar ƙaninta, tsawa.

Hidaya ta cire. Gashin gaban kanta duk ya zube, fatar ta yi jawur. Matan rugar Inna Salamatu da ke bayan garin Zinyau suka yi cirko-cirko.

Inna Salamatu ce ta haɗa mata man gashin. Wani ɗan ganye ne mai siririn kara baƙi kamar gashi, da take tsinkowa a gindin duwatsu inda ruwa ke tsatsa, ta dafa shi da man shanu.

"Yau sai gaban mai gari," in ji Barira, tana miƙa wa Inna Salamatu kwalbar man. "Wallahi sai kun tashi daga nan."

Tsohuwar ta karɓi kwalbar, ta buɗe, ta shinshina. Nan take fuskarta ta sauya.

"Kwalbar dai tawa ce, amma an juye nawa, an zuba man kanti mai ƙona kai. 'Yata, wa ke shiga ɗakinki?"

"Ba kowa, Inna, sai 'yan gida," Hidaya ta ce cikin kuka.

"Kar ki raina mana hankali, tsohuwa!" Barira ta zaburo mata, har mayafinta ya zame.

Inna Salamatu ba ta ja da baya ba. Ta matso dab da ita, ta shaƙi iska a hankali.

"Hajiya, tun ɗazu nake jin ƙanshin maganina, ashe a kanki yake. Tubarkalla, ga shi kuwa ya karɓe ki."